Rigar Ruwa Mai Ƙarko: Tambayoyi da Amsoshi Kafin Ka Zaro Kuɗinka

Da zarar hadarin farko ya taso daga gabas, 'yan talla sai su ajiye tabarau da hankici su ɗauko laima da rigar ruwa. A lokacin ne kuma yawancinmu muke saye: a gurguje, a bakin titi, ruwa na dukanmu. Shi ya sa rigar ba ta ganin ƙarshen Agusta sai ta yage a hammata ko zif ɗinta ya ƙi motsi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu babur, manoma, ma'aikatan da ke shiga ƙauyuka, masu hawan duwatsu da ɗalibai masu shirin tafiya ƙasashen sanyi suka fi yi. Amsa ɗaya ba za ta ishi kowa ba, domin ruwan da ke dukan makiyayi a tsaye daban yake da wanda ke dukan mai gudu a kan babur.

Na sa rigar ruwa, da na cire sai na tarar da jikina sharkaf. Yoyo take yi?

Sau da yawa ba yoyo ba ne, zufarka ce. Rigar leda ko ta roba tana tare ruwan sama tsaf, amma kamar yadda ba ta barin komai ya shiga, haka ba ta barin komai ya fita. Jikinka kuwa bai daina fitar da gumi don ana ruwa ba. Tururin ya tashi, ya bugi robar da ruwan sama ya sanyaya daga waje, ya koma ruwa, ya gangaro maka. Duk wanda ya taɓa ɗaga murfin tukunya ya san abin.

Bambancewa ba wuya. Idan jiƙewar ta game baya da ƙirji da hammata, kuma ruwan da ɗumi-ɗuminsa, gumi ne. Idan wuri guda ne, musamman kan kafaɗa, bayan wuya ko layin zif, kuma ka ji sanyinsa lokacin da ya shigo, to yoyo ne. Akwai hanya ta uku da ake mantawa da ita: ruwa ya zurara ta wuya ko ta bakin hannu, rigar audugar da ke ciki ta tsotse shi ta ja shi har gwiwar hannu. Nan yadin bai yi laifi ba, hular ce ba ta zauna ba, ko bakin hannun ba ya tsukewa.

Matsalar tsohuwa ce. A 1823 wani masanin haɗa sinadarai ɗan Sikotilan, Charles Macintosh, ya yi rajistar dabararsa ta manna narkakken danƙo tsakanin yadi biyu. Rigunansa sun tare ruwa, har yau ma a Ingila da sunansa ake kiran rigar ruwa, amma suna wari, suna yin yauƙi a zafi, suna sandarewa a sanyi. Tun daga lokacin masu yin yadi ke neman yadda za a hana ruwa shiga ba tare da an dafa mai rigar ba.

Mene ne ake nufi idan an ce riga tana numfashi?

Ana nufin a cikinta akwai wani siririn tantani da ke tare ɗigon ruwa amma yana barin tururin jiki ya wuce. A 1969, a Amurka, Bob Gore ya fizgi zazzafar sandar sinadarin PTFE da ƙarfi, wato sinadarin da ake shafa wa kaskon suyar da abinci ba ya kamawa a ciki. Maimakon ta tsinke sai ta miƙe ta zama abu mai ƙananan ƙofofi. Daga nan aka samu Gore-Tex, wanda ya shiga kasuwa a 1976. Kamfanin yana cewa kowace ƙofa ta fi ɗigon ruwa ƙanƙanta sau 20,000, amma ta fi ƙwayar tururi girma sau 700.

Akwai wani nau'in marar ƙofa, na robar PU, wanda ke tsotsar tururin daga ciki ya miƙa shi waje sannu a hankali. Ya fi araha, kuma shi ne a yawancin rigunan matsakaicin kuɗi. Sunayen da za ka ci karo da su a jikin riga sun haɗa da eVent, Pertex Shield, Dermizax da Sympatex, sai waɗanda kamfanonin tufafi suka raɗa wa nasu: H2No na Patagonia, DryVent na The North Face, Omni-Tech na Columbia, Helly Tech na Helly Hansen.

To, a zafin daminarmu wannan numfashin yana aiki kuwa?

Kaɗan. Wannan ce gaskiyar da takardar jikin riga ba za ta faɗa maka ba. Tururi yana fita ne idan cikin rigar ya fi waje ɗumi da laima nesa ba kusa ba, kamar yadda yake a kan duwatsun Turai inda iska ke da sanyi. A Kaduna ko Zariya cikin malka, iskar waje ita kanta a jiƙe take, kuma da ɗumi. Dalilin da ya sa shanya ke kwana biyu a igiya ba ta bushe ba a watan Agusta, shi ne dalilin da ya sa riga mai tsada ba za ta kwashe maka gumi yadda aka yi talla ba.

Saboda haka a ƙasar zafi, ƙofar shan iska ta fi tantani muhimmanci. Nemi riga mai zif a ƙarƙashin hammata, ko mai ɓoyayyar taga a baya wadda aka rufe da leɓen yadi, kuma wadda ba ta matse ka ba, yadda iska za ta shiga ta ƙasa ta fita ta wuya. Idan tafiyar ƙafa ce babu guguwa, wallahi laima babba da riga mai sauƙi sun fi jaket ɗin hawan dusar ƙanƙara daɗi.

Kakanninmu sun gane haka. Kabido, wanda ake saƙawa da kaba a kifa tun daga kai har baya, ruwa yana zamewa a kansa, iska kuma tana ratsa ƙarƙashinsa. Haka malafar makiyayi. Har buhun takin da manomi ke lanƙwasa kusurwarsa ya mayar hula, a buɗe yake ta gaba, shi ya sa mai shi ba ya dahuwa.

Ina ganin lambobi irin 5,000 mm ko 10K a jikin riga. Me suke nufi?

Gwajin matsin ruwa ne. Ana ɗaure yadin a ƙarƙashin ruwa, a yi ta ƙara matsi har ɗigo ya fara ɓullowa ta ɗaya gefen, sai a faɗi sakamakon da tsawon ruwan da ke tsaye a kansa. Yadin 10,000 mm ya jure nauyin ruwa mai tsawon mita 10 kenan, shi ne ake taƙaitawa da 10K.

Lambar ba ta da alaƙa da yawan ruwan sama na shekara. Na taɓa jin wani yana lissafi cewa tunda Jos na samun kimanin milimita 1,400 a shekara, rigar 5,000 za ta kai shi damina uku da rabi. Ba haka abin yake ba.

Ɗigon ruwa shi kaɗai ba shi da wani matsi sosai. Abin da ke tura ruwa cikin yadi shi ne igiyar jakar goyo a kafaɗa, zama a jiƙaƙƙen wuri, durƙuso, da iskar gudun babur. A taƙaice, daga 1,500 zuwa 5,000 na yayyafi ne da gajeriyar tafiya. 10,000 ya ishi yawancin mutane. Daga 20,000 zuwa sama na mai yini cikin ruwa da kaya a baya ne. Kuma lambar ta sabon yadi ce, tana raguwa da wanki da gogayya, don haka ɗan rara yana da amfani.

Lamba ta biyu, idan akwai, ta numfashi ce: giram nawa na tururi ke ratsa murabba'in mita ɗaya cikin awa 24. 10,000 matsakaici ne, 20,000 mai kyau. Kada ka dogara da ita sosai wajen kwatanta kamfani da kamfani, domin ba gwaji iri ɗaya suke yi ba. Idan ka ga RET, wato wani ma'aunin numfashi na daban, shi a juye yake: ƙasa da 6 ya yi kyau ƙwarai, sama da 20 kuwa ka shirya zufa.

Sai kalmomin Turancin da ke jikin takarda. Wadda aka rubuta wa “water-resistant” ko “showerproof” yayyafi kawai take iya tarewa. “Waterproof” ce rigar ruwa ta ainihi, ita ma sai ka juya cikinta ka tabbatar.

Me ya bambanta 2L da 2.5L da 3L? Wacce ta fi ƙarko?

Yawan ninkin yadin ne. A 2L an manna tantani a bayan yadin waje, sannan aka rataya raga ko shafi a ciki don kare shi. Tana da daɗin sawa, tana da ɗan nauyi, ta dace da zirga-zirgar gari. A 2.5L babu shafi, wani zane kawai aka buga a kan tantanin. Ba ta da nauyi, tana naɗuwa ta shiga aljihun jaka, amma tana manne wa fata idan an yi gumi, kuma ita ce ke saurin ɓarewa a wuya da kafaɗa. A 3L an haɗe yadin waje da tantani da siririn yadin ciki sun zama abu guda. Ita ce mafi ƙarko, ita ce kuma mafi tsada.

Duba kaurin zaren ma, wanda ake rubutawa da harafin D. 20D siriri ne, na masu guje-guje da ke ƙirga kowane giram. 40D zuwa 70D shi ne daidai ga mai shiga daji. Wanda zai ratsa sarƙaƙiya da ƙayar farar ƙaya ya nemi 70D zuwa sama. A kauri ɗaya, nailan ya fi foliyesta jure gogayya. Idan ka ga ƙananan murabba'ai a saƙar yadin, an yi su ne don su tsayar da yaga kada ta ci gaba.

Idan na shiga shago, ina zan fara dubawa?

Juya rigar ciki ya koma waje kafin ka kalli launinta. Duk inda allura ta bi ta bar rami, kuma riga ɗaya tana da dubban ramukan nan. Rigar ruwa ta gaskiya an bi kowane ɗinki da siririn tef an manne shi da zafi. Bi shi da yatsa: kafaɗa, hula, hammata, gefe, kewayen aljihu. Wasu kamfanonin kafaɗa da hula kawai suke wa tef su bar sauran, don rage kuɗi. Irin wannan za ta kai ka masallaci ta dawo da kai, amma ba ta yini a gona ba. Idan babu tef ko kaɗan, ajiye ta, komai sunan da ke ƙirjinta.

Sai zif. Ja shi sama da ƙasa sau uku. Ko dai ya zama mai rufin roba a fuskarsa, ko kuma a sami leɓen yadi da ke rufe shi ta gaba, zai fi kyau a ce har ta baya. Zif mai rufin roba yana rage shigar ruwa ne, ba ya hana shi gaba ɗaya, don haka kada ka amince wa aljihun waje da wayarka. Sa ta a leda tukuna. Idan ka ga YKK, sunan wani kamfanin yin zif, a kan zif, alama ce mai kyau, kodayake shi ma ana yin jabunsa.

Sai hula. Sa ta, ɗaure igiyar, juya kai hagu da dama. Idan hular ta bi kanka, madalla. Idan fuskarka ta shige cikinta kana kallon yadi, za ta wahalar da kai a titi. A samu ɗan baki mai tauri a gabanta da zai kawar da ruwa daga ido, musamman ga mai tabarau. Daga ƙarshe ɗaga hannu sama kamar mai tsinko mangwaro: kada rigar ta tashi ta bar ƙugunka a waje, kada hannun ya zame ya bar tsintsiyar hannu.

Gwanjo fa? Ana samun na kirki?

Ana samu, har ma wani lokaci gwanjo mai kyau ya fi sabuwar bakin titi sau goma. A Kofar Wambai a Kano, Kasuwar Barci a Kaduna ko Katako a Jos, idan ka dace da ranar fasa dila, za ka iya tsintar rigar da a Turai kuɗinta ya kai albashin wata. Sai dai rigar ruwa ba kamar shat ba ce, tana iya yin kyau a ido alhali ta mutu.

Shinshina cikinta. Idan tana wani wari mai tsami kamar amai, robar PU ɗin ta fara ruɓewa, kuma ba ta da magani. Shafa cikin: idan yana danƙo, ko farin gari kamar amosani yana zubowa, ka haƙura. Duba bayan wuya da kafaɗa, inda gumi da man kai ke taruwa. Idan yadin ya yi ƙuraje ko ya kumbura kamar fentin da ruwa ya shiga bayansa, ninkin ya rabu. Ja bakin tef ɗin da farce a hankali, idan ya ɗago cikin sauƙi sauran ma suna hanya. Ɗaga ta sama ka kalli rana ta cikinta, ƙananan huji za su nuna kansu.

Abin da bai kamata ya tsorata ka ba: datti, kan zif da ya karye, igiyar hula da ta ɓace, ko ruwa da ba ya zamewa a fuskar yadin. Duk waɗannan suna gyaruwa, kuma hujja ce ta neman ragi.

Wani lokaci za ka ci karo da jaket mai nauyi na auduga da aka shafe da kakin zuma ko makamancinsa, irin na Barbour, kamfanin da aka kafa a Ingila a 1894. Yana jure ƙaya, yana shekaru, amma ba a wanke shi da sabulu, sai dai a goge a sake shafa masa kaki, kuma a zafinmu nauyi ne kawai. Ya fi dacewa da mai zama Jos ko Gembu.

Sana'ata babur ce. Wace iri ta dace da ni?

Riga da wando, ba riga kaɗai ba. A kan babur ruwa ta gaba yake zuwa, da ƙarfi, ya taru a cinya ya gangara tsakanin ƙafafu. Saboda haka ɗinkin tsakiyar wando shi ne wurin farko da za ka duba. Tunda a zaune kake iska na bugunka, gumi bai cika damunka ba, don haka yadi mai kauri mai shafin robar PVC ya wadatar, ba sai ka kashe kuɗi a kan mai numfashi ba. Rigar ta zama mai tsawo ta baya, zif ɗinta da rufi ninki biyu, wuyanta ya tashi har haɓa. Hularta siririya ce ta fi, wadda za ta shiga ƙarƙashin hular kwano ba tare da ta tare maka gefen ido ba.

Abu biyu na tsaro. Babbar ledar nan mai faɗi da ake yafawa har ta rufe fasinja tana da daɗi, amma bakinta na iya shiga sarƙa ko sifok ɗin ƙafar baya, kuma mummunar faɗuwa ce. Idan ita kake da ita, tattare bakinta ka zauna a kai. Na biyu, nemi mai layin nan mai ƙyalli idan fitila ta haska shi, domin direban da gilashinsa ke cike da ruwa ba ya ganin mai baƙar riga da magariba. Ka kuma kiyayi salansa, taɓawa ɗaya take narkar da ƙafar wando.

Manomi da masunci da makiyayi fa?

Mai aiki cikin laka, taki, man inji ko ƙarnin kifi ya fi buƙatar roba mai kauri wadda aka haɗa gaɓoɓinta da zafi ba da allura ba. Ba ta numfashi, amma ana wanke ta da bokitin ruwa a rataye, kuma datti ba ya kashe ta yadda yake kashe tantani. Masuntan tekun arewacin Turai, duk da arzikinsu, har yau irinta suke sawa. A saye ta da faɗi don iska ta zaga. Mai feshin maganin ciyawa kuma ya ware rigar feshi daban, kada ya mayar da ita ta zuwa kasuwa.

Zan hau dutse a Mambila, wani abokina kuma zai tafi karatu Ingila. Riga ɗaya za ta yi mana?

Kusan haka, domin a wuraren nan biyu ne riga mai numfashi take cin kuɗinta. Duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi. Chappal Waddi, dutse mafi tsawo a Najeriya, a gandun dajin Gashaka Gumti na jihar Taraba, ya kai mita 2,419. Kilimanjaro a Tanzaniya mita 5,895 ne. A irin wannan tsawo, jiƙewa haɗe da iska tana iya sauke zafin jiki har mutum ya fara rawar ɗari da ruɗewa, ko da babu ƙanƙara.

Abin da ke ƙarƙashin rigar yana da muhimmanci kamar ita kanta. Auduga tana riƙe ruwa ta manne a jiki tana zuƙe ɗumi. Sa rigar foliyesta ko ta ulu a fata, suwaita a tsakiya, rigar ruwa a sama. Idan ka ji zafi ka cire ta tsakiya.

Abokinka kuma kada ya ruɗu da kumburarren jaket ɗin sanyi mai gashin tsuntsu a ciki. Yana da ɗumi, amma yawancinsu ba na ruwa ba ne, kuma idan gashin ya jiƙe sai ya dunƙule ya daina aiki. Ruwan Ingila ba kamar da bakin ƙwarya yake sauka ba, yayyafi ne mai naci da iska mai karya laima. Rigar ruwa marar shafi, mai faɗin da za ta hau kan suwaita, za ta yi masa aiki duk shekara.

Launi yana da wani tasiri?

A titi, mai haske. A daji inda akwai ƙudan tsando, guji shuɗi da baƙi, domin su ne launukan da ke jawo shi, har tarkonsa da su ake yi. Ruwan ƙasa ko kakin soja mai haske ya fi, amma ban da mai zanen kayan sojoji, kada ka jawo wa kanka tambayoyi a shingen bincike.

Ni mace ce, ina sa hijabi da doguwar riga. Jaket ɗin nan duk gajeru ne.

Hajiya, nemi doguwa mai kaiwa gwiwa ko ƙasa da haka, mai zif da ke buɗewa ta sama da ta ƙasa, don ki iya taka mataki ko hawa abin hawa. Ki gwada ta a kan kayan da kike fita da su, hular kuma ta hau kan hijabin ba tare da ta shaƙe ki ba. Ki tura bakin hijabin ciki gaba ɗaya, don idan ya leƙo waje zai tsotso ruwa ya kai miki har ƙirji. Haka shawarar take ga mai kaftani: a ƙara lamba ɗaya a kan girman da aka saba.

Da farko ruwa yana zamewa a kan rigata, yanzu yadin yana jiƙewa ya yi duhu. Ta mutu kenan?

Ba ta mutu ba. Fuskar yadin an shafe ta da wani magani da ake kira DWR, mai sa ruwa ya dunƙule ya gangara kamar a kan ganyen gwaza. Datti, gumi, hayaƙi da gogayya suna kwantar da shi. Idan ya kwanta, tantanin ciki yana nan yana tare ruwa, amma jiƙaƙƙen yadin waje ya toshe hanyar tururi, sai ka ji sanyi da damshi ka ɗauka yoyo ne. Maganinsa wanki da ɗan ɗumi. Idan hakan bai dawo da shi ba, akwai na fesawa, irin na Nikwax ko Grangers.

Shekaru da dama ana yin maganin nan da sinadaran PFAS, waɗanda ba sa ruɓewa a ƙasa ko a ruwa. Yanzu ana barinsu, jihohin New York da Kalifoniya ma sun fara aiki da dokokin taƙaita su a tufafi daga Janairun 2025. Sababbin magungunan ba sa korar maiƙo kamar na da, don haka sabuwar riga ta fi tsohuwa son wanki a kai a kai.

Yaya ake wanke ta?

Mutane da yawa suna tsoron wanke ta, alhali rashin wankin ne ke kashe ta: man jiki yana cin gam ɗin tef da tantani. Zuge dukkan zif. Yi amfani da ruwa mai ɗumi da bai wuce digiri 40 ba, da ɗan sabulun ruwa kaɗan. Ban da omo, ban da bilic, ban da maganin tausasa kaya, domin suna barin saura mai jawo ruwa. Ɗauraye sau biyu. Kada ka murɗe ta, kada ka goga ta da buroshi, kada kuma ka haɗa ta cikin kayan da za a kai wa mai wanki da guga, don zai yi mata irin wankin shadda. Shanya a inuwa.

Idan ta bushe, a sa ta a injin busar da kaya minti 20 a matsakaicin zafi, don ɗumin ya farfaɗo da maganin DWR. Wanda ba shi da shi ya shimfiɗa ƙyalle a kanta ya bi da dutsen guga na lantarki a mafi ƙarancin zafi, ba tururi. Na gawayi kam a'a, ba ka da iko da zafinsa. Rigar PVC ba a yi mata guga ko kaɗan. A duba takardar da ke wuyan rigar kafin komai.

Damina ta wuce. Ina zan ajiye ta?

A nan ne rigunan ruwa da yawa ke mutuwa, ba cikin ruwa ba. Zafi da damshi su ne ke ruɓar da robar PU. Ni kaina na taɓa naɗe wata da ɗan damshinta na jefa a but ɗin mota, da na buɗe bayan wata biyu ta manne da kanta kamar alewa. Wanke ta, bari ta bushe ƙarau, rataye ta a ɗaki mai iska. Ban da ƙullewa a leda, ban da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin rufin kwano, ban da ƙarƙashin kujerar babur. Ka nisanta ta da fetur da kananzir, da man korar sauro mai DEET, wanda ke cin wasu robobi.

Ta yage. In kai wa tela?

Don canza kan zif ko gyaran bakin hannu, e. Sau da yawa idan zif yana buɗewa ta baya, kan ne ya saki, haƙoran lafiyarsu ƙalau. Amma yaga a jiki, idan tela ya bi ta da keke ya ƙara maka ramuka ɗari ne. Faci mai gam ya fi: goge wurin ya bushe, yanke facin ya zarce yagar da kamar faɗin yatsa, zagaye kusurwoyinsa don kada su ɗago, manna ciki da waje, bar shi ya kwana. Idan dole sai an ɗinka, a bi ɗinkin ta ciki da gam ɗin toshe ɗinki, irin Seam Grip. Idan kuwa tantanin ne ke ɓarewa ko'ina, ta gama aikin ruwa, sai dai ta koma rigar tare iskar hunturu.

Akwai gwajin da zan yi kafin ruwa ya gwada ni?

A kasuwa, da izinin mai kaya, lotsa kafaɗar rigar ta zama kamar ƙoƙo daidai kan ɗinki, zuba rabin ledar ruwa, riƙe na minti biyu, sannan ka matsa daga sama da tafin hannu ka taɓa ƙasan. Mai kayan da ya san abin da yake sayarwa ba zai hana ka ba.

A gida, sa riga mai ruwan toka a ciki, domin ita ce ke nuna jiƙewa da wuri. Ɗora rigar ruwan, ɗaure hula da hannuwa, ka tsaya ƙarƙashin shawa minti biyar, ko yaro ya hau kujera ya riƙa zuba maka da buta. Ɗaga hannu, sunkuya, juya. Cire ta a hankali ka duba inda tokar ta yi duhu. Ka yi wannan tun ranar da ka saya, rasit na hannunka, mai shago kuma bai manta fuskarka ba.